Zuma, sukari da ruwan gishiri: iya ƙarfinsu a kan raunin doki da jaki

Duk wanda ya taɓa riƙon doki ko jaki ya san rauni ba ya sallama kafin ya shigo. Yau waya ce ta yanki ƙafa, gobe majayi ya goge ƙirji, jibi ɗan'uwansa ya harbe shi ko ya gantsara masa cizo a wuya. Tambayar da ke fara fitowa daga bakin mai dabba kusan kullum ɗaya ce: me zan shafa? A ganina wannan tambayar ta yi gaggawa. Akwai waɗanda suka riga ta: a ina raunin yake, ina zurfinsa, kwanansa nawa, me ya jawo shi? Amsoshinsu ne ke nuna ko zuma za ta yi aiki, ko ɓata lokaci za a yi da ita alhali dabbar na bukatar ɗinki ko allura.

Jiki ne ke warkar da rauni, kuma mataki-mataki yake bi. Da farko jini ya daskare ya toshe hanya. Sai kumburi da zafi, wanda mutane ke tsoro alhali aiki ne: fararen ƙwayoyin jini ne ke tururuwa zuwa wurin su cinye ƙwayoyin cuta da mataccen nama. Bayan 'yan kwanaki wani jan nama mai gudaji-gudaji, mai saurin fitar da jini, ya fara tasowa daga ƙasan ramin har ya cike shi. Idan ya cike, bakin raunin ya riƙa tsukewa kamar bakin jakar da aka ja zarenta, sabuwar fata kuma, siririya mai haske, ta riƙa rarrafowa daga gefe zuwa tsakiya. Tabon da ya rage zai yi watanni yana ƙara ƙwari, amma ba ya wuce kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fatar asali. Duk abin da za a ɗora a kan rauni, ko daga kanti ya fito ko daga daji, da wannan ma'aunin ake auna shi: ya taimaki matakin da ake ciki ne, ko ya tare masa hanya?

Doki yana da wata matsala tasa ta daban. Raunin gangar jiki, kamar a ƙirji ko cinya, ko da ya yi faɗin tafin hannu biyu yakan rufe da saurin ban mamaki, domin akwai tsoka da wadatar jini, fatar kuma sakwaf take, tana jawuwa. Daga gwiwa zuwa kofato kuwa labari ya sha bamban. Fata ce a ɗame a kan ƙashi da jijiya, jini kaɗan ne, motsi ba ya tsayawa, ga kusanci da ƙasa da kashi da fitsari. A nan ne jan naman nan yakan ƙi tsayawa idan ya cike ramin, ya yi ta toho har ya tsere wa fata tsayi. Sabuwar fata ba ta iya hawa tudu, don haka rauni ya zama gyambo. A 1999 wata likitar dabbobi, Jacintha Wilmink, da abokan aikinta a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan suka gwada manyan dawakai da ƙuru, wato ƙananan dawakai, suka tarar raunin ƙuru ya fi saurin rufewa. Dalilin da suka gano ya cancanci a riƙe shi: kumburin ƙuru yakan zo da ƙarfi ya gama aikinsa ya wuce, na babban doki kuwa yakan zo da rauni ya daɗe yana jan ƙafa. Wato kumburin farko abokin tafiya ne, wanda ya ƙi ƙarewa shi ne abin gudu.

Jaki kuma halinsa ne ke cutarsa. Yana da haƙuri da ɓoye ciwo, zai ci gaba da ɗaukar kaya da miki a gadon baya ba tare da ya nuna komai ba, sai dai ka ga ya sunkuyar da kai, kunnuwa sun kwanta, yana tsakurar abinci. Jakin da ya daina ci na cikin haɗari na musamman, domin kitse kan kwararo ya cika masa jini ya lalata hanta, kuma hakan na kisa. Zafin jikinsa ma ya ɗan gaza na doki: na doki mai lafiya yakan tsaya tsakanin digiri 37.5 da 38.5, na jaki kuwa kusa da 37. Wanda ya auna jaki da ma'aunin doki zai iya ganin zazzaɓi ya ɗauka lafiya ce.

Maganin gargajiya na farko, wanda kuma ya fi kowanne amfani, ruwa ne. Idan jini na zuba a fara da tsayar da shi: a danna tsumma mai tsabta a riƙe da ƙarfi na mintuna, ba a ɗagawa ana leƙe. Kada jini a ƙasa ya firgita mutum, dokin da ya kai kilo 500 yana ɗauke da kusan lita 40. Idan ya tsaya sai wanki. A tafasa ruwa, a bar shi ya huce, a zuba gishiri giram 9 a lita 1, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya da rabi. Wannan daidai yake da gishirin da ke cikin ruwan jiki, shi ya sa ba ya ƙona nama. Ƙara gishiri ba ya ƙara tsabta, raɗaɗi kawai yake ƙarawa. A zuba da yawa, da ɗan ƙarfi, da babban sirinji marar allura ko gorar roba da aka huda murfinta, har yashi da gashi da tsakuwa su fita. A aske gashin da ke kewaye, amma a rufe raunin da jiƙaƙƙen ƙyalle kafin askin don kada gashin ya faɗa ciki. Idan ƙazanta ta yi yawa kuma babu tafasasshen ruwa a kusa, ruwan sha mai tsabta ya fi a bar ta.

Akwai tsohon tunani cewa rauni sai ya bushe ya yi ɓawo kafin ya warke. A 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya nuna a kan fatar aladu cewa raunin da aka rufe ya zauna da danshi ya fi wanda aka bar wa iska saurin yin sabuwar fata. Ƙwayoyin fata a kan danshi suke tafiya. Idan sun tarar da busasshen ɓawo sai sun haƙa ta ƙarƙashinsa. Daga nan za a gane abin da ya sa toka, da baƙin mai, da ruwan batir, da kashin shanu, da hoda mai ƙona nama suke ɓarna, ko da mai su da kyakkyawar niyya ya shafa. Wasu na busar da wurin, wasu na kashe naman da ke ƙoƙarin tasowa, kashi kuwa ƙwayoyin cuta yake zubawa kai tsaye. Rauni da yawa suna warkewa duk da an shafa musu waɗannan, sai mai dabba ya ba maganin yabon da jiki ya cancanta.

Zuma ce sarauniyar wannan fage, kuma ta ci sunanta. Rubuce-rubucen likitancin tsohuwar Masar, na sama da shekaru 3,000, sun ambace ta a maganin rauni. Ta hanyoyi da dama take aiki a lokaci guda. Kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne, ruwanta bai kai kashi 20 ba, don haka tana zuƙe ruwa daga jikin ƙwayoyin cuta, tana kuma jawo ruwan jiki daga ƙarƙashin rauni zuwa sama, abin da ke sassauta mataccen nama ya fita da sauƙi wajen wanki. Tana da tsami a ma'aunin sinadarai, wanda yawancin ƙwayoyin cutar rauni ba sa so. Sannan ƙudan zuma kan zuba mata wani sinadari daga jikinsa, wanda idan zumar ta gauraya da ruwan rauni yake sakin maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗan-kaɗan, daidai yadda ba zai ƙona nama ba. Zafi na lalata wannan sinadarin. Zumar da aka dafa, ko aka ajiye a rana, ko aka haɗa da sukarin kanti, ta rasa babban rabon ƙarfinta. Ga kuma amfanin da mai jinya ke gani da idonsa: wari na raguwa, bandeji kuma ba ya mannewa ya fama ciwo idan an zo cirewa.

Akwai wata zuma da ake kira manuka, daga furen wata bishiya ta Niyu Zilan da Ostireliya, wadda Farfesa Peter Molan na Jami'ar Waikato ya shafe shekaru yana nazari a kanta. Tana da wani ƙarin sinadari da ke kashe ƙwayoyin cuta ko da babu wancan na farko, kuma ita aka fi gwadawa a kan dawakai. Masu bincike a Jami'ar Sidni sun shafa ta a raunukan ƙasan ƙafar doki a gwaje-gwajen da suka wallafa a 2011 da 2013. Raunukan da suka samu zumar ba su buɗe baki sosai ba a farkon kwanaki, kuma sun yi makonni suna ƙanana fiye da waɗanda ba a shafa wa ba. A gwajin farko ranar rufewa ta ƙarshe ba ta bambanta ba, a na biyu kuwa waɗanda aka ci gaba da shafa wa haɗin zumar mai kauri sun riga sauran warkewa. Taimako ne na gaske, amma mai iyaka, kuma ƙarfinsa a farkon jinya yake.

Wani binciken daga Jami'ar Gilasgo ta Sikotilan, a 2014, ya fi jan hankalina, domin ya zo da albishir da gargaɗi a faranti ɗaya. Sun tara zuma iri 29, daga ta asibiti zuwa ta kanti zuwa ta masu kiwon ƙudan zuma. A cikin 18 sun sami ƙwayoyin cuta ko fumfuna. Sauran 11 aka gwada su a kan ƙwayoyin cutar da ake samu a raunin doki, 8 suka hana dukkansu yaɗuwa, wadda ta zo kan gaba kuma ba manuka ba ce, wata zumar Sikotilan ce. Darasi biyu ke nan: ba dole sai mai tsada daga nesa ba, kuma ba kowace zuma ce mai tsabta ba. Ta asibiti ana tsarkake ta da wani haske mai ratsa abu ba tare da an dafa ta ba. Wanda bai same ta ba ya nemi ɗanyar zuma tatacciya, mai kauri, daga mazubi mai murfi, ya tsaya da ita a kan raunin da yake iya ganin ƙasansa. Ban yarda a ɗura ɗanyar zuma a rami mai zurfi ko huda ba.

Yadda ake saka ta ma yana da tasiri. A kan ƙyallen bandeji ake shafa ta da kauri sannan a ɗora, domin idan a kan raunin aka zuba, zafin jiki zai narkar da ita ta gangara ƙasa ta gayyato ƙudaje da tururuwa. A bi da auduga mai yawa, sannan a naɗe, ba da matsewa ba, domin matsattsen bandeji a ƙafar doki na iya lalata jijiya fiye da raunin da aka rufe. A farkon kwanaki, lokacin da ruwa ke fita da yawa, kullum ake canzawa, a wanke da ruwan gishiri a sake sabuwa. A shafa basilin a fatar da ke ƙasa da raunin don kada ruwan da ke gangarowa ya saɓule ta. Da zarar jan nama mai lafiya ya cike ramin ya yi daidai da fata, babu wari babu mugunya, zuma ta gama babban aikinta. A ƙasan ƙafa, ci gaba da rufewa da danshi bayan wannan mataki yana cikin abubuwan da ke ƙarfafa tohon nama.

Sukari ƙanen zuma ne. Farin sukari na gari, idan aka zuba shi da kauri a kan ƙazamin rauni mai ruwa, yana zuƙe ruwa yana rage ƙwayoyin cuta da wari. Iyakarsa ke nan, ba shi da sauran sinadaran zuma. Idan ya narke ya zama ruwa-ruwa ƙarfinsa ya tafi, har ma zai iya zama abincin ƙwayoyin cutar, don haka yana son canji akai-akai. Masu kula da kofato sukan kwaɓa shi da ruwan aidin ya yi kauri su cusa a kofaton da aka buɗe wa ƙurji.

Ganyaye kuwa suna da yawa, hujjarsu ce ba ta kai yawansu ba. Farin ruwan cikin alobera na sanyaya ƙujewa da ƙuna marar zurfi, amma ruwa mai launin ɗorawa da ke ƙarƙashin ɓawonta yana fusata fata, sai an raba su. Ɗanyar gwanda na da sinadarin da ke narkar da mataccen nama, shi ya sa amfaninta na ɗan lokaci ne a kan ƙazamin miki, idan nama mai rai ya bayyana a janye ta. Mayukan ganye masu ƙarfin ƙamshi da ake tatsa a sayar a ƙananan kwalabe suna ƙona buɗaɗɗen rauni idan ba a sirka su ba. Babbar matsalar dakakken ganye ita ce ba a san yawan abin da ke cikinsa ba, kuma yakan zo da ƙasa.

Maganar tsutsa tana bukatar natsuwa. Gaskiya ne likitoci na amfani da tsutsar wani koren ƙuda da aka raina cikin tsabta a ɗakin gwaji, wadda mataccen nama kaɗai take ci. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2004, likitocin dabbobi a Faransa kuma sun wallafa rahoton amfani da ita a kan dawakai da jakuna 41 a 2012. Amma tsutsar da ƙudan waje ya saka wani abu ne daban. Akwai nau'in da naman mai rai yake ci, yana haƙa rami yana nutsewa, irin wanda ya ɓulla a Libiya a 1988 har sai da aka yi gagarumin aiki kafin a kawar da shi. Da ido ba za ka bambance su ba. Idan ka ga tsutsa a rauni ka cire, ka wanke, ka rufe. Maganin ƙuda a kewayen rauni ake shafa shi, ba a ciki ba.

Idan nama ya riga ya yi toho ya wuce fata, babu zumar da za ta mayar da shi. Likita ne zai yanke shi ya daidaita. Naman ba shi da jijiyar jin zafi, don haka sau da yawa dabbar na tsaye ake yi, sai dai jini na zuba sosai, a naɗe ya tsaya. Masu zuba masa hoda mai ƙuna suna cinye tudun, amma tare da siririyar sabuwar fatar da ta yi makonni tana rarrafowa. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Wasu raunukan tun daga farko sun fi ƙarfin jinyar gida. Sabuwar yanka mai buɗaɗɗen baki ta fi karɓar ɗinki a cikin awa 6 zuwa 8 na farko, kuma duk abin da aka shafa mata kafin likita ya iso ƙarin aiki ne gare shi. Ruwan gishiri da rufewa sun wadatar. Rauni a kan gaɓa ko kusa da jijiyar bayan ƙafa, ko da bai fi ƙwayar wake ba, na iya zama ya huda jakar ruwan gaɓa. Idan ka ga wani ruwa mai yauƙi, launin ɗorawa, yana fita, ko ɗingishin ya fi girman raunin, awoyi ake lissafawa. Haka ƙusa a kofato, da raunin ido, da huda a ƙirji ko ciki. Akwai kuma gyambon da ba rauni ba ne tun asali. Ƙudaje na ɗauko 'ya'yan wata tsutsar cikin doki su ajiye a rauni ko gefen ido, wurin ya yi ta ƙaiƙayi da toho duk lokacin zafi, maganinsa kuwa na tsutsar ciki ne. Akwai wani ƙari na fata da ke son fitowa a gurbin tsohon rauni, kamarsa ɗaya da tohon nama, taɓa shi barkatai na ƙara masa girma. Akwai ciwon fumfuna da ke jera ƙuraje kamar carbi a ƙafa ko wuya, wanda ya addabi dawakan amalanke a Habasha, kuma yana yaɗuwa ta kayan ɗauri da ƙudaje. Duk raunin da ya yi mako 2 ana jinyarsa yadda ya kamata bai ragu ba, a daina sauya magani a nemi sanin ko mene ne.

Ga dabbobin aiki, mafi yawan miki daga kayan aikin yake fitowa. Akumarin da ya zauna a kan ƙashin baya, sirdin da bai dace ba, majayin da gumi da yashi suka mayar kamar zarto, dabaibayin igiyar roba, kayan da suka rinjayi gefe ɗaya. Za ka ƙarar da zuma tulu guda, idan gobe abin da ya goge wurin zai koma kansa, fami kawai ake yi. Hutu ne magani. Idan hutun ba zai yiwu ba, a yi matashi mai rami a tsakiya kamar gammo, nauyi ya sauka a kewaye ya bar mikin. Shimfiɗar ƙarƙashin kaya ta zama ta auduga ko ulu, a wanke ta a shanya, a kakkaɓe bayan dabbar kafin a ɗaura. Farin gashin da ke fitowa a gadon baya shaidar tsohon matsi ce, yana nuna inda kayan ke cizo tun kafin fata ta sake fashewa. Abinci ma na cikin jinya, ramammiyar dabba ba ta da abin gina sabon nama.

Sai tetanos, cutar sarƙe haƙora, wadda babu zuma ko ganyen da ke taɓa ta. Doki na cikin dabbobin da suka fi saurin kamuwa da ita, jaki ma bai tsira ba. Ƙwayar cutar tana zaune a ƙasa da cikin kashin dabbobi, kuma inda iska ba ta shiga take so, shi ya sa ƙaramar hudar ƙaya ko ƙusa da ta rufe baki ta fi babbar yanka haɗari. Alamun kan bayyana mako 1 zuwa 3 bayan rauni, wani lokaci bayan an manta da shi: ƙafafu su sandare, kunnuwa su miƙe, wutsiya ta ɗaga, wata fata ta riƙa rufo ido daga gefe, baki ya ƙi buɗuwa. Yawancin waɗanda suka kai nan ba sa tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya: rigakafin allura 2 ne, tsakaninsu mako 4 zuwa 6, sai ta ƙarfafawa daga baya bisa tsarin da likita ya tsara. Dabbar da ba a taɓa yi wa ba, idan ta ji rauni, akwai wata allurar gaggawa da ke ba ta kariyar makonni 2 zuwa 3, kuma a ranar da abin ya faru ake son a yi ta, tare da allurar rigakafin ta farko.